Borin jinin 'yata ya ƙi tafiya, surukata ta hana a ba ta maganin asibiti

Assalamu alaikum. 'Yata 'yar shekara bakwai ce take fama da borin jini, yau wata biyar ke nan. Kusan kullum da yamma sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, ta yi ta susa har da kuka, kafin gari ya waye ya baje kamar ba a yi ba, gobe kuma ya ɓullo a wani wajen. Sau biyu leɓenta da fatar idonta suna kumbura. Piriton nake ba ta da daddare. In abin ya yi tsanani akwai wasu ƙananan ƙwayoyi farare da mai kemis yake ƙulla mana a leda, su kam kamar yankan wuƙa, har kumatu ta yi. Mun hana ta ƙwai da kifi da gyaɗa da madara, ba mu ga canji ba. Malamarsu ta aiko cewa gyangyaɗi take a aji. Da muka je asibiti likita ya rubuta cetirizine, ya ce a riƙa ba ta kullum har wata uku ko da borin bai fito ba. Surukata da muke gida ɗaya ta ce ba za a mayar mata da jika 'yar ƙwaya ba, ƙodarta za ta lalace. Babanta ya rasa bayan wanda zai bi. Yau sati biyu maganin yana cikin durowa. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ke ma sannu da ɗawainiya.

Magani uku kika lissafa min, kuma wanda yake kulle a durowa shi ne mafi sauƙin illa a cikinsu. Biyun da ake ba ta babu mai cewa uffan su ne suka fi tayar min da hankali. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Zan fara da ƙwayoyin leda, don su ne na gaggawa. Ƙaramar farar ƙwaya mai kwantar da borin jini nan take, mai buɗe ciki, mai ciko kumatu, siffar dexamethasone ce ko prednisolone, wato dangin sitiroyid. Su ne 'yan mata suke sha don ƙiba, har ake musu laƙabi da sha-ka-fashe, sau da yawa haɗe da wani maganin buɗe ciki mai suna cyproheptadine. Kumatun nan da kika gani ba ƙoshin lafiya ba ne. Maganin ne yake tara kitse da ruwa a fuska da ciki, a gefe guda kuma yana rage wa yaro tsawo, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana iya tayar da suga da hawan jini. Likitoci ma suna bayar da shi a borin jini, amma na 'yan kwanaki ƙidayayyu in abin ya yi ƙamari, ba wata da watanni ba.

Sai dai kada ki karanta wannan ki je ki watsar da su yau in kullum take sha. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da take samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin. In aka daɗe ana ɗura na waje, kamar sati uku ko fiye a jere, sai ta miƙe ƙafa ta daina aiki, kuma ba ta farkawa rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya kan jawo kasala mai tsanani da amai da jiri, wani lokacin har suma. Ki koma wajen mai kemis ki ce ya nuna miki kwalin da yake ɗebo su, ki ɗauki hotonsa da waya, ki kai wa likitan tare da ragowar ƙwayoyin. Ki faɗa masa gaskiyar sau nawa take sha a sati da kuma tun yaushe. Na san yadda muke yi, mu shiga gaban likita mu ɓoye abin da muka saya a kemis don gudun faɗa. Ki daure ki sha faɗan. Shi zai san ko a tsayar kai tsaye ko a riƙa ragewa a hankali.

Sai Piriton. Ban ga laifin Hajiya surukarki da ta yarda da shi ba. Duk wanda ya yi wayo a zamanin da ake shan kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro ya san ƙaiƙayin da yake sawa, irin wanda za ka ji kamar ana tsira maka allura a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman bayan wanka. Piriton ake haɗa wa mutum da shi, da haka ya zama ɗan gida, kowace uwa tana da shi a kwanon magani. Sunan sinadarinsa chlorphenamine, kuma tsohon zubi ne. Matsalar tsofaffin nan ita ce ba a fata kawai suke tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa suke ratsawa. Shi kuwa sinadarin da suke toshewa, wato histamin, a fata ƙaiƙayi yake sawa, amma a ƙwaƙwalwa yana cikin abubuwan da suke riƙe mutum a farke da hankalinsa a jikinsa. Shi ya sa yaro zai sha da ƙarfe tara na dare, ya wayi gari ƙarfe tara na safe yana aji kansa a dungure. Barcin da ya yi ma ba mai gamsarwa ba ne. Saƙon da malamarsu ta aiko miki ba ƙorafin lalaci ba ne, rahoton magani ne. Wata biyar na karatun 'yar shekara bakwai, a boko da Islamiyya, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta yiwu har bulala ta sha a kan gyangyaɗin da ba ita ta ɗora wa kanta ba.

Wasu yaran ma akasin haka yake musu, su kasa barci, su yi ta rigima da zabura. Ga shi da yawan magungunan tari da mura na yara akwai shi ko ɗan'uwansa diphenhydramine a ciki, sai uwa ta ba da wannan ta ba da wancan, ta ninka awo ba ta sani ba. Tunda zancen ya zo, bari in faɗa saboda masu goyo: promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, don yana iya danne numfashi har a rasa rai. Masu ɗura wa jarirai shi don su yi barci a samu a yi aiki ko a je biki su ji tsoron Allah.

Yanzu ga dalilin da likita ya ce kullum, ko borin ya fito ko bai fito ba. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke zaune kamar 'yan gadi, kowanne ɗauke da histamin a ƙunshe. In suka ga abin da suke zaton abokin gaba ne sai su sake shi. Ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin fata ta tashi, jijiyoyi su ɗauki ƙaiƙayi. In ruwan ya taru can ciki inda nama yake da laushi, shi ne kumburin leɓe da fatar ido. A borin jinin da ya wuce sati shida yana zuwa yana komowa, 'yan gadin nan ne suke firgita haka kawai, mafi yawan lokuta babu wani ɓarawo daga waje. Maganin ba ya hana su sakin histamin. Wurin zamansa yake tarewa. Kamar motar haya ce a tasha, wanda ya riga shiga shi yake da kujera. In kika bari sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu sannan kika ba da magani, histamin ya riga ya zauna ya yi ɓarnarsa, sai dai a jira ta lafa. In kuwa maganin yana jiki dare da rana, histamin zai zo ya tarar mota ta cika. Wannan shi ne abin da ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin fata da na borin jini na duniya suka tsaya a kai, ga manya da yara: sabon zubi marar sa barci sosai, irin su cetirizine da loratadine da fexofenadine, a sha a jere, a guji tsofaffin.

Maganar ƙoda da Hajiya ta kawo tana da tushe, sai dai an juya ta. Ta ƙoda cetirizine yake fita daga jiki, shi ya sa ake rage wa mai ciwon ƙoda awo. Amma ba a san shi da lalata lafiyayyar ƙoda ba, kuma ba ya cikin ƙwayoyin da ake kamuwa da jarabar shansu. An taɓa yin wani babban gwaji a ƙasashen Turai da Kanada, aka ɗauki yara kimanin 800 'yan tsakanin shekara ɗaya da biyu, rabi aka ba su cetirizine safe da yamma har wata 18, rabi aka ba su ruwan da babu magani a ciki. Rahoton da ya fito a 1999 bai nuna bambanci ba a girmansu ko ci gaban hankalinsu. Waɗannan fa 'yan yaye ne, shekara ɗaya da rabi suna sha. Ke wata uku aka ce miki, ga 'yar shekara bakwai.

Ba na ce ba shi da illa ko kaɗan ba. Akwai yaran da shi ma yake ɗan sa su barci, ko bushewar baki, ko ciwon kai. In kin ga haka ki faɗa wa likita, yana iya mayar da shan zuwa dare ko ya canza mata zuwa loratadine. Sannan a watan Mayun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu 'yan ƙalilan da suka daɗe suna shansa kullum, watanni ko shekaru, sun sami ƙaiƙayi mai tsanani bayan sun daina. Don haka ranar dainawa ma a yi ta da sanin likita. Awon da aka saba ba ɗan shekara shida zuwa sha ɗaya shi ne miligiram 5 safe da yamma, wasu likitocin kan haɗe shi ya zama 10 sau ɗaya a rana. Ki bi abin da ke takardarki. In na ruwa ne ki auna da murfin awon da ya zo da shi ko da sirinji, ban da cokalin kicin, don cokalin shayin gidanki da na maƙwabciyarki ba girmansu ɗaya ba. Ki saya a kwalinsa mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba a ƙullin leda ba. In aka yi sati biyu zuwa huɗu bai riƙe ta ba, likita yana da hurumin ƙara awo, amma shi zai ƙara, ba ke ba, ba mai kemis ba. Kada kuma ki ɗora Piriton a kai wai don ya fi ƙarfi.

Yadda kika siffanta ciwon ya yi daidai da borin jini, amma ga wata 'yar dabara da za ta tabbatar miki, za ta kuma amfani sauran iyayen da suke karanta wannan. Yau da yamma in ya fito, ki ɗauki biro ki zagaye guda biyu ko uku, ki ɗauki hoto. Gobe war haka ki duba. In kin tarar da zanen biron a kan lafiyayyar fata, babu tabo babu komai, sabbi kuma sun fito a wani wurin, to borin jini ne. Hoton yana da muhimmanci, don ciwon nan ya iya kunyata uwa, kina isa gaban likita da safe fata ta yi sumul. Ga shi a baƙar fata jan da littattafai suke faɗa ba ya nunawa sosai, tudun ake gani. Ki ɗauka kusa da taga inda haske yake zuwa ta gefe.

In kuwa abin yana nan daram kwana da kwanaki, fata ta bushe tana garje, ta yi kauri ta yi duhu a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya, wannan wani ciwon ne daban, shi likitoci suke kira ekzima, kuma ba shi ne kyasbin da muke kira da wannan sunan ba. Nan iyaye da yawa suke asarar kuɗi, don ƙaiƙayinsa ba histamin ne jagoransa ba. Nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta fitar a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 25, bai sami gamsasshiyar hujjar cewa waɗannan magungunan suna wani tasiri na a zo a gani a kansa ba. Maganinsa mai ne. Man kaɗanya ko basilin, a laɓta da yawa da zarar an fito wanka jiki da danshi, a maimaita da rana, musamman da hunturu. A ajiye soso, a ajiye sabulu mai magani, a daina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka. Inda ya tashi likita ya rubuta man shafawa daidai ƙarfin fatar yaro, ba irin mai haɗi ukun nan da ake saya ana shafa wa jarirai har fatarsu ta yi fari ta yi laushi kamar leda ba. Idan kuma ƙaiƙayin dare ne da ya kama gida gaba ɗaya, da ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da gindin cibiya, a binciki ƙazuwa. Ita ƙwaro ne a cikin fata, ko kwali guda na cetirizine aka shanye yana nan, sai an shafe kowa da kowa a gidan da maganinta rana ɗaya.

Abincin da kuka hana ta ya tsaya min a rai. Ƙwai, kifi, gyaɗa, madara: kun cire kusan duk abin da yake gina jikin yaro, a lokacin da kowa ya san yadda nama ya yi tsada. Borin da abinci yake jawowa yana da hali sananne. Ana ci yake fitowa, cikin mintuna zuwa awa biyu, duk lokacin da aka ci sai ya fito, in an daina kuma ya daina. Ku kun yi watanni da dainawa, shi bai daina ba. Gwajin ya riga ya ba da amsa. Ki gaya wa likita kina son mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar 'yan kwanaki. Togaciya ɗaya ce: in akwai wanda kika taɓa gani da idonki tana gama ci leɓe ya kumbura ko ta yi amai ko numfashi ya canza, wannan kada ki gwada shi a gida.

Akwai abubuwan da suka fi abinci tayar da shi, su ba a cika kula da su ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna tsananta shi ga wasu, don haka in zazzaɓi ya zo ki tsaya a kan paracetamol. Zafi da gumi da ruwan wanka mai zafi sosai. Matsi, kamar robar wando, da robar hijabi a haɓa, da igiyar jakar makaranta a kafaɗa; ki lura ko a nan yake fara fitowa in ta dawo. Mura da sauran ƙananan cututtuka su ma suna zuga shi. A ƙasa irin tamu likita kan so a duba bayan gida saboda tsutsar ciki, wataƙila da gwajin jini guda ɗaya ko biyu. In bai rubuta miki doguwar takardar gwaje-gwaje ba, ba sakaci ya yi ba, ciwon ne ba ya bukata. A yawancin yara da kansa yake gajiya ya tafi, wani cikin watanni, wani sai ya ɗauki shekaru. Aikin maganin shi ne ta yi barci ta yi karatu ta yi wasa kafin lokacin. In an bi duk wannan bai lafa ba, ki nemi a tura ku wajen likitan fata ko na yara a asibitin koyarwa na Shika, tunda kusa kuke.

Tunda leɓenta ya taɓa kumbura, ki riƙe wannan, ki kuma faɗa wa duk wanda kike bar masa ita. Kumburin leɓe ko ido shi kaɗai abin tsoro ne a ido amma yakan sauka. In kuwa harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko ta kasa haɗiyar yawu, ko numfashi yana fita da ƙyar yana ƙara, ko ta yi laƙwas kamar za ta suma, babu zancen ƙwaya ko jiran gari ya waye. Asibiti mafi kusa za a nufa a lokacin, allurar adrenaline ake yi. Haka in tudun ya wuce kwana ɗaya ko biyu a wuri guda, yana zafi maimakon ƙaiƙayi, yana barin tabo kamar an daki wurin, ko ya zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ki koma wajen likita ba sai ranar da aka ba ki ta yi ba.

Saura Hajiya, wadda a gaskiya ita ce tambayar taki. Kada ki tunkare ta da cewa likita ya fi ta sani, kada kuma ki riƙa ba da maganin a ɓoye, don ranar da ta gani zancen ya tashi daga na magani ya koma na raini. Ki duba da kyau, tsoronta gaskiya ne: ba ta son a cika wa jikarta ciki da ƙwayoyi. Abin da ba ta sani ba shi ne an riga an cika. To ta nan za a shiga. Maigidanki ne ya kamata ya yi maganar, ɗanta ne, abin da zai faɗa ta saurara ke in kika faɗa sai ya zama wani abu. Ki zaunar da shi tukuna ki nuna masa hotonta na sallar bara da fuskarta ta yanzu, ki nuna masa saƙon malama. Sannan ya samu Hajiya a natse ya ce mata maganarta ce ta sa aka sake bincikawa, aka gano na kemis ɗin nan biyu su ne masu cutarwa, za a janye su a bar guda ɗaya tak, shi ma na ɗan lokaci. Ba ƙarya ya yi ba. In da hali ku tafi da ita ranar komawa asibiti, ta yi wa likita tambayar ƙodar da bakinta. Tsofaffinmu suna son a ba su girmansu, in aka sa su a cikin shawara sau da yawa su suke komawa masu tuna wa mutum lokacin shan magani. Addu'a da tofi kuwa babu inda suka ci karo da cetirizine, ta ci gaba da yi wa jikarta. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ne za ki roƙe ta a dakata da su, ko don a gane wanne ne yake aiki.

Ki samu kalanda ko bayan littafin makaranta, kowane dare ki rubuta ko ya fito, da yawa ko kaɗan, ta yi barci ko ba ta yi ba. Bayan sati biyu ki miƙa wa Babanta ya kai wa Hajiya ta gani. In kin samu sarari kuma ki sake rubuto min sunan da kika gani a kwalin ƙwayoyin ledar nan.